Hammatar Mota

Ranar Talata, a Suame,
inda guduma ke riga ladan tashin mutane,
na kai jif ɗina wurin Gariba mai fenti.
Na ce, kogon taya nake so a shafe,
damina ta ƙarato,
hanyar Drobonso kuwa ba ta san mutunci ba.

Bai tanka ba. Ya sa yaro ya ɗaga ta a jak,
aka kwance taya, ya tsuguna ya leƙa.
"Nan ce hammatar mota," in ji shi,
"ba mai dubawa, nan kuma gumi ke taruwa."

Baƙi wuluk, sumul, sai ka rantse lafiya lau.
Kwaltar yayana Seidu ce,
wadda ya shafa da tsumma, yana sauri,
shekarar da ya miƙo mini makulli
ya ce riƙe, in je asibiti in dawo.
Gariba ya ɗora sukundireba, ya danna kaɗan.
Ta shige har ƙota.
Tsatsa ta zubo kamar dakakken barkono,
ta hudar na hango takalmin yaron shago.

Sai masu shawara suka taru, kamar an yi shela.
Kwaku Fosu mai walda ya ce baƙin mai,
kyauta ne, ka watsa duk ƙarshen wata.
Na san wannan. Ruwa ɗaya ke wanke shi,
abin da ya saura jar ƙasa ta dama kunu da shi.
Mai shagon tsallake ta kawo gwangwanin feshi,
ta ce roba ce, tana haɗiye ƙarar tsakuwa.
Gariba ya jinjina: "Gaskiyarta.
Amma ran da dutse mai baki ya yanke ta,
ruwa zai shiga ya kama haya a bayanta,
kai kana gani baƙi, kana murna."

Sannan ya janyo na uku daga ƙarƙashin benci,
babban gwangwani da 'yar kwalbarsa.
In an haɗa su ba sa jiran kowa,
in sun bushe sai ka ce bayan kada.
Da ya faɗi kuɗin, na zauna kan tayar da aka cire.
Kuɗin kwanon rufin kicin ɗin Kubura ne, cif,
har da sidi talatin a kai.

"Zaɓi wanda ka ga dama," ya ce.
"Ni dai ba na ɗaure miki da dauɗarsa."

Kwana huɗu.
Aka yanke ruɓa, Kwaku ya ɗinke da wuta,
buroshin waya ya ci, samfefa ta lashe,
har ƙarfe ya fito fari kamar ya ji kunya.
Aka wanke maiƙo, aka sa jan fenti na ƙasa.
Rana ta uku hadari ya haɗu ta Bantama,
Gariba ya shinshina iska ya rufe gwangwani.
Na ce ina da lodi. Ya ce lodin zai jira,
danshi ba ya yafe gaggawa.

Da na koma Aboabo,
Kubura ta zagaya motar sau biyu.
"Ina gyaran?"
Na ba ta tocila, na nuna mata inda za ta durƙusa.
Ta leƙa, ta daɗe, ta miƙe ta kakkaɓe zane.
"To. Ita ta samu rufi."

Jiya na dawo daga daji, taɓo har ƙofa.
Tsakuwa ta yi ta jifa, ƙarar tana mutuwa a ciki.
Na tsaya a rafi na watsa bokiti,
na zura hannu cikin duhun,
na ji kaushi, na ji tauri, ban ji ɓawo ba.

Ɓallin kwaltar Seidu guda na ajiye,
yana aljihun gaba, cikin takardun mota.
Akwai shatin yatsansa a jiki.
Bayansa duk tsatsa.