Lamba Arba'in da Bakwai

Ranar da zan bar ofis, masinja ya tambaye ni
ko a ƙone kwalayen da ke bayan ƙofa.
Na ce ya dakata tukuna.
Shekara talatin da ɗaya ce jibge a wurin,
gara ta ci gefen wasu, yoyon rufi ya lashe wasu,
ni kaɗai ke iya karanta abin da ya saura.

Ƙa'idar aiki ta hana mu rubuta suna.
Sai mu ba yaro lamba, mu ɓoye shi a bayanta,
muna cewa fiffiken kaza ne a kan ɗan tsako.
Amma lamba ba ta da ɗumi.

Arba'in da bakwai: namiji, shekara tara ko goma,
an kawo shi gidan gyaran hali kan ɓatan rediyon maigidansa.
Na kunna rakoda, na tambayi asalin tabon wuyansa.
Bai dube ni ba, kaset yake kallo yana juyawa.
Ya ce, "Malama, in na yi magana a ciki, ina take zuwa?"
Na ce, "Wurin manya."
Ya ce, "To su manyan, suna amsawa?"
Daga nan minti goma sha ɗaya kaset na naɗar shiru.
Ba a koya mini gurbin shiru a jadawali ba,
sai na rubuta: bai ba da amsa ba.

Da wannan shirun na yi digiri na uku.
Da shi na hau jirgi, na tsaya gaban masu kwat
a zauren da sanyinsa ke sa haƙora kaɗawa,
na nuna musu kaso bisa ɗari, suka tafa.
Na dawo Katsina da alƙalamin kyauta da mura.

Ban ce wahalar banza aka sha ba.
Akwai alƙalin da ya karanta shafi huɗu kacal
ya daina tura yara ɗaki ɗaya da ƙatti.
Akwai ɗalibata Hindatu, can Batagarawa,
ba ta yi wa yaro tambaya sai ta tsuguna
idonta ya zo daidai da nasa.
Ni na koya mata,
ni kuwa wanda ya ƙi ɗaga kai ne malamina.
Akwai kuma rahoton da na kai ma'aikata sau uku,
a zuwa na huɗu na same shi
an tokare ƙafar tebur da shi.

Bara tayata ta sace kusa da Ƙofar Ƙaura.
Mai facin ya daɗe yana kallona, hannunsa cikin ruwan baho,
yana laluben inda iska ke fita.
Ya ce, "Ke ce mai rakoda."
Ya ce, "Nafi'u ne sunana, ko da yake ba ki tambaya ba."
Can gefe 'yarsa na zaune bisa tsohuwar taya
tana fama da lissafin makaranta.
Ta kira shi, ya goge hannu a wando,
ya je ya durƙusa gabanta kafin ya amsa.

Da ya dawo ya ce, "Manyan nan, sun amsa kuwa?"
Na buɗe baki.
Farfesa guda, ga littafi biyu, ga muƙala arba'in,
babura na wucewa, injin iska na tari,
shirun da na ɗauko a wurinsa ya dawo mini duka.
Bai matsa ba. Ya ɗaure taya,
ya karɓi kuɗinsa cif, bai rage ko sisi ba.
Wallahi hakan ya fi mini daɗi.

Na ce da masinja kar a ƙone komai.
Na zaro fayil ɗin, na ɗauki fensir,
na tuna ƙa'ida, na ajiye.
Sai na faɗi sunan da baki, a hankali, sau ɗaya.
Masinja ya waigo daga bakin ƙofa,
ya ce, "Na'am?"