Hoton Butar Shayi

A Marwa nake, layin dukawa,
inda warin jima ke riga ka sallama.
Wayata ta tsage a kusurwa,
amma ta nan kasuwa ke shigo mini yanzu.

Bara wani ya shigo ta nan,
hotonsa farin rawani, bakinsa duk addu'a,
ya kira ni ɗan'uwa tun bai san sunana ba.
Takalma goma sha biyu na ɗora masa a mota.
Ranar da suka isa, lambarsa ta mutu.
Har yau in na ga rawani a waya
sai cikina ya ɗuri ruwa.

Ita kuwa Acta ta Njamena
ko fuska ba ta sa ba,
hoton butar shayi ne, shuɗiya, murfin a lotse.
Ba ta yi mini kirari ba.
Ta ce: juya jakar in ga ɗinkin ciki.
Na juya, na ɗauka, na tura.
Ta ce: zaren nan ba zai kai damina ba.
Na ji haushi. Gaskiya ta faɗa.

Da jaka guda muka fara,
ta biya rabi, na aika, ta cika.
Sai uku. Sai bakwai.
A bayan muryarta ina jin tarin wata tsohuwa
da yaro yana haddar ƙidaya da Faransanci,
har na san gidan da ban taɓa takawa ba.

Ran nan na aika ashirin, ban karɓi ko dala ba.
Washegari layinta ya ɗauke.
Kwana tara saƙona na tsaye da ƙafa ɗaya.
Bakari maƙwabcina ya ce: an kuma.
Na yi shiru ina soka basilla
har na soki yatsa.

Rana ta goma direban Kuseri
ya tsaya bakin rumfa yana cigiyar Hamajoda baduku.
Ya miƙo ambulan ɗaure da zare,
kuɗina cif, da dabino a leda,
da 'yar takarda:
Ruwa ya ci unguwarmu, ya ci wayar.
Tsohuwa lafiya.
Ɗinkin ta bakwai ya karkace.

Na ƙirga, na sake ƙirgawa,
ba shakka nake ba, hannuna ne ke rawa.

Har yau ban san fuskarta ba.
In aka ce wa na sani a hayin kogin Shari,
sai in ce: wata buta mai lotsattsen murfi.