Taga ta Biyu

A Valentine, ofishin gunduma ƙarfe takwas yake buɗewa.
Orval Tiedeman ya iso bakwai da kwata,
ya zauna cikin akori-kurarsa, injin na kunne,
har na juya allon ƙofa.

Ya dire gwangwanin kofi a gabana.
Ba kofi a ciki.
Lambobin kunnen shanu ne, na roba, ruwan ɗorawa,
wasu da gashi manne har yanzu.
Ya ce, "An ce a zo da shaida."

Kwana uku dusar ƙanƙara na zuba, tsakiyar watan haihuwa.
Shanun suka ba iska baya, suka yi ta tafiya
har wayar shinge ta tare su.
Nan aka same su,
wasu a tsaye,
ranar da rana ta ga damar fitowa.

Na jawo fom.
Layi na huɗu: shanu nawa.
Layi na biyar: maruƙa nawa, da nauyin kowanne.
Ya ce, "Wanda bai ko kwana a duniya ba fa,
wane layi ne nasa?"
Na duba gaba, na duba baya.

Muka zube su a kan tebur.
Ni ina ƙirga, shi yana ba da labari:
wannan mai harbi ce, ta taɓa karya masa haƙarƙari,
wannan ba ta kai baki ga ciyawa sai ka kau da kai,
wannan kuwa jininta na komawa ga wata
da mahaifinsa ya sayo shekarar da aka kawo musu lantarki.
Sau biyu lissafi na kuɓuce mini.
Sittin da ɗaya.

Gwamnati za ta biya wani kaso na kuɗin kasuwa.
Ban raina ba, shi ma bai raina ba.
Zai toshe bakin banki zuwa kaka,
ya sayi harawa, ya sallami mai dizal.
Da babu gara ba daɗi.
Sai dai garke ba sayen shi ake yi ba,
tara shi ake, bijimi bayan bijimi,
shi kuwa Orval ya ba saba'in baya.

Ya sa hannu. Sanyi ya baƙanta masa yatsu biyu.
"Yaushe?"
"Mako shida, in takardu ba su yi gardama ba."
Ya kwashe lambobinsa, ya rufe gwangwani,
ya matsa wa Marlys Kuhlman,
wadda ke rungume da kwalin takalmi.

Da yamma ina shara,
tsintsiya ta jawo guda daga ƙarƙashin tebur.
Sittin da biyu ke nan.
Na buga masa waya. Matarsa ta ɗauka,
ta ce yana garke, yana ba wani maraya madara a kwalba,
in bari ya gama.

Na riƙe layin.