Igiyar Kunnen Hagu

Ƙarfe biyar da rabi, Karkada ba ta gama farkawa ba,
mai shayi yana hura gawayi,
ni ina kujerata ta bakin taga
cikin bis ɗin ma'aikatan matatar mai.
Kilomita hamsin kan hanyar Tanut,
kowane rami na san shi kamar maƙwabci.

Da can barci nake, goshi yana dukan gilashi.
Yanzu wata mata ke karanta mini littafi
daga salula mai tsagaggiyar fuska.
Ban san ta ba. Na dai san tana da zakara,
don ya yi cara a babi na huɗu,
daidai inda madugu ke binne ƙanensa cikin rairayi.
Ta haɗiye dariya, ta ci gaba.

Mutari mai walda ne ya zungure ni:
"Kai da wa kake murmushi tun da asuba?"
Na zare igiyar kunnen hagu na miƙa masa.
Tun ranar muka zama shanun huɗa,
wuya biyu, karkiya ɗaya.
In ya juya zai tofar da tukar goro
sai labari ya fice mini daga kunne.

Bai yi lakwal ba, amma ya fi ni riƙe sunaye,
shi ke tuna mini wa ke bin wa bashin gishiri.
A shingen jandarma yakan ce in dakatar,
kada a tambayi madugu takardun raƙuma.

Da yamma harshen wutar matata yana bayanmu,
caji saura kashi tara,
mu yi ta roƙon Allah ya kai mu duwatsun gari
kafin muryar ta mutu.

Ran Litinin na tarar da kujerarsa wayam.
Wai kwangila ta ƙare,
wai ya bi masu haƙar zinariya arewa.
Saura babi biyu.
Har yau ban sani ba
ko rijiyar da ayari ke nema tana da ruwa.

Na ci littattafai uku bayan wannan.
Shi kam na bar shi a minti na goma sha bakwai,
matar ta ja numfashi za ta faɗi wani abu.
Igiyar hagu tana lilo a ƙirjina
duk sanda taya ta faɗa rami.