Kunne Ɗaya Nawa, Ɗaya Na Gari

Likita ta ajiye biro ta dube ni:
"Malam Barau, jininka ya hau.
Tumbin nan ba gado ba ne, kai ka tara.
Ka riƙa gudu."
Ni? Rabona da gudu
tun ranar da karen maƙwabta ya biyo ni a Gyallesu,
ina ɗan shekara tara.

Kwana uku na gwada.
Ba ƙafa ce ta kore ni ba, hakina ne,
fuu-haa, fuu-haa,
kamar zugazugin maƙeri da ya huje.
Wa ke son jin tsufansa da kunnensa?

Asabar na nufi Sabon Gari,
dubu shida a aljihu, wutsiyar albashi,
wajen Isiyaku mai tebur a ƙarƙashin lema,
inda wayoyi ke reto kamar hanji a rumfar mahauci.
Na ce iyafis nake so, na gudu.
Ya dubi cikina, ya dubi ƙasa,
ya haɗiye dariya. Allah ya saka masa.

Ya ciro fari, cikin ɗan gida kamar ƙwan zabo:
"Dubu talatin da biyar, Alhaji."
Na ce ban je Makka ba, mayar da abinka.
Ya ciro baƙi mai igiya, ɗari tara,
shi da kansa ya kushe shi:
"Gumi ɗaya zai sha ya mutu,
igiyar kuma ta yi ta marin ƙirjinka."
Na uku ƙanana ne kamar gujiya.
Na cusa, na kaɗa kai sau biyu,
ɗaya ya yi tsalle ya gangara ƙarƙashin baron mai lemo.
Mu biyu muka durƙusa muna lalube,
mai lemo na tambaya ko zinare ne.

Na huɗu mai ƙugiya ne,
yana maƙalewa bayan kunne kamar fensirin kafinta.
Kore shar, kalar buta. Kyau kam babu.
"Yi tsalle," in ji Isiyaku.
Na yi, a gaban mutane, da furfurata.
Bai motsa ba.
"Cajinsa awa biyar in ba ka ƙure ƙara ba.
Gumi ba ya shigarsa,
amma kar ka yi alwala da shi."
Ya ce bakwai, na ce huɗu,
muka haɗu a biyar da rabi.
Ragowar ta kai ni gida a keke.

Washegari bayan asuba na toshe duka biyu.
Kalangu ya hau kaina, ƙafa ta bi shi,
na wuce Kongo ban sani ba,
ban ji haki ba, ban ji komai ba.
Ban ji ɗan acaɓan da ya goge gwiwar hannuna ba.
Ban ji Baba Tanimu, aminin mahaifina,
da ya yi mini sallama har uku daga kan dakali ba.
Labari ya riga ni isa gida:
wai Barau ya samu duniya, ya daina amsa gaisuwa.

Sati biyar, na hagu ya yi shiru.
Uwani ta ce, "Araha ba ta ado.
Koma ka karɓi kuɗinka."
Na sa takalmi, na kai bakin ƙofa,
na dawo.

Yanzu na dama yana kiɗa,
na hagu yana cikin aljihu.
Ta nan nake jin man waina na ƙara a tanda,
jarkokin 'yan garuwa na gwara kai,
hon tun daga nesa,
da "Barau, an tashi lafiya?"
Ina ɗaga hannu ban tsaya ba.

Hakin ma yana nan.
Jiya wajen Ƙofar Doka na kasa masa kunne,
sai na ji ya rage faɗa.