Gwanjon Titin Wilson

Wata takwas ina tara sol a gwangwanin madara,
kwandala bisa kwandala, har da canjin da fasinja ya manta.
Ni ne Fortunato, mai rataye a ƙofar kombi,
muryata ta dishe a kan "Abancay, Abancay, a matsa ciki!"
Nélida ta ce malamai sun ce a nemo kwamfuta.
Na ce to.
Ban san da me na ce to ɗin ba.

Na tambayi kuɗin sabuwa, sai da na nemi wurin zama.

Ran Asabar, cikin yayyafin Lima
wanda ba ya jiƙa ƙasa sai wuyan riga,
muka gangaro daga tudun Lurigancho zuwa titin Wilson,
inda shago ke goye da shago.
Ita ke riƙe da jerin kaya, ni ina dafe da aljihu.

Don Tiburcio, hawa na uku, bayan matakala,
ya ɗago madabod kamar mai nuna jariri:
"Daga banki ta fito, ba ta sha wuya ba."
Ya yanka kuɗi, na taya rabi, ya dafe ƙirji,
na juya zan tafi, ya kira ni ɗan'uwa.
Na san rawar nan, kullum ina taka ta da fasinja.
Ram guda biyu, ba uwa ɗaya ba, ba uba ɗaya ba,
fanka da aka liƙe fiffikenta da gam,
akwati mai lotsawa a kwiɓi, ya ce wannan gyara ce.
Rumbun ajiya kuwa a tire na tsince shi,
sol ashirin, ba rasit, ba rantsuwa.

A teburin cin abinci muka yi tiyatar.
Zoila ta kwashe kwanuka tana ƙunƙuni.
Sukuru ɗaya ya gangara ƙarƙashin firji,
na bi shi da rarrafe, da tocila a baki.
Yatsuna sun saba da ƙarfen ƙofa,
nan kuwa komai ƙanƙane ne, kamar ƙashin kifi.

Sha ɗaya na dare na danna maɓalli.
Fanka ta juya. Allo baƙi ƙirin.
Ƙara uku, tit, tit, tit, sai shiru.
Zoila daga ɗaki: "Araha dai ba ta ado."
Na ƙirga wata takwas a silin.

Nélida ba ta ce uffan ba.
Ta zare ram, ta ɗauko abin goge fensir,
ta murza haƙoran zinaren nan ɗaya bayan ɗaya,
ta hure, ta mayar, ta danna har ya ce ƙas.
Haske ya faɗo mana a fuska.

Ashe rumbun bai zo shi kaɗai ba.
Hotuna ɗari huɗu: wata tsohuwa mai kitso biyu
tana hura kyandir a kan kek,
wani yaro a bakin teku da takalmi a hannu,
kare sanye da hular ulu,
sai kuma tsohuwar a gadon asibiti, ana riƙe da hannunta.
Daga nan ba ta sake fitowa ba.
Zoila ta fito da zane a kafaɗa, ta tsaya bayanmu.
Ba wanda ya yi maganar barci.

Wuri muke bukata, aikin makaranta na jira.
Nélida ta kwashe su kaf a filas kafin ta goge.
Na koma wurin mai tire, ya ɗaga kafaɗa:
"A buhu suke zuwa, ɗan'uwa, wa ya san na wa ne?"

Yanzu fankar na kurɗa kamar tsohuwar kombi a hawa,
yarinya na buga lissafinta har tsakar dare.
Filas ɗin yana rataye a ƙusa, kusa da kalanda.
Zoila kan share masa ƙura ranar Lahadi.
Ta sa wa tsohuwar suna Doña Eduviges.