Lissafin Numfashi

Mahaifina da zago ya san ayu.
A Yawuri, in ya dawo da hantsi, riga jiƙe,
unguwa kan ɗauki guɗa,
a kasa nama, a ɗura mai a kwalba
a kai wa masu neman farin jini.
Ni kuwa ga ni a Epe, fensir a bayan kunne,
ɗan Sarkawa ya koma mai ƙirga numfashi.

Dakta Adunni ta ɗauke ni aiki
don ta ga ina karanta ruwa ba da tabarau ba.
Kafin kiran assalatu muke fita.
"Nomau, kashe injin," in ji ta,
sai mu bar kwalekwale ya bi ra'ayinsa
ta gindin itatuwan nan masu tsayuwa bisa yatsu,
kamar matan da suka tattare zane za su haye rafi.
Mu yi shiru.
Sauro ya karɓi zakkarsa.
Can sai hanci biyu su huda ruwa,
fuu, kamar tsoho ya sauke kaya.
In rubuta: ɗaya.

Bara goma sha ɗaya muka samu.
Bana bakwai, har da wanda nake shakka.

Daga yamma jirgin masu haƙar yashi na nishi,
yana tsotse ƙasan ruwa dare da rana
don a cike fadama, a dasa bene.
Legas ba ta ƙoshi.
Ciyawar da ayu ke kiwo ta bi tifa zuwa Leki.

Ran wata Laraba ɗan ayu ya faɗa tarun Baba Lamidi.
Bai fi buhun gero ba,
fata kamar tulun da aka daɗe ana shafawa,
idanu ƙanana, ba roƙo a cikinsu, ba zargi.
Uwar na kewaya mu, ruwa na tasowa yana faɗawa.
Baba ya dube shi, na san abin da ya gani:
kuɗin makarantar Risikatu, zango biyu,
da kwanon rufi inda damina ke shigo masa.
Ni ma hannuna ya tuna abin da ba a koya masa ba,
ya yi ƙaiƙayi wajen da zago ke zama.

Dakta ba ta yi wa'azi ba.
Ta buɗe littafin ƙungiya, ta nuna masa layi:
wanda ya yanka taru don ayu, a saya masa sabo.
Baba ya ce, "Sabon taru ba ya biyan makaranta."
Ba wanda ya ce ƙarya yake.

Shi ya ciro wuƙar da kansa.
Ido-ido ya bi yana yankewa, yana zagi da Yarabanci,
har ɗan ya sulale
kamar sabulu daga hannun yaro.

Kwana tara bai amsa gaisuwata ba.
Matarsa dai na zuwa sabon murhun banda na ƙungiya,
wanda ba ya cin itace kamar na da,
kifinta na kai wa Oyingbo bai yi baƙi ba.
Ko ribar ta kai zango biyu, ban sani ba,
ban kuma da fuskar tambaya.

A na goma, ina wanke kwalekwale,
sai ga inuwarsa a kaina.
Bai yi sallama ba.
Ya ce, "Kai, Aboki. Bayan tsibiri, wajen kainuwa,
jiya da asuba, babba da ƙarami."
Ya tofar da yawu, ya dubi ruwa.
"Me kake jira? Rubuta."

Na lashi bakin fensir.
Baba, ka gafarce ni, zagonka na Yawuri yana tsatsa.
Na rubuta: biyu.